Lafiyar Tattasai Daga Saiwa Take Farawa

A ƙasar Holan yawancin masu noman tattasai cikin gidajen gilashi ba a ƙasa suke shuka ba. Tun shekarun 1970 suka soma komawa ga audugar dutse, wadda ake yi da narkakken dutse, domin guje wa cututtukan da ke kwance cikin ƙasa.

Sai dai tsabtar nan tana da nata haɗarin. Sabuwar auduga ba ta da ƙwayoyin halitta masu amfani, saboda haka idan ƙwayar cutar Pythium ta biyo ruwa babu mai tare ta, sai saiwa ta ruɓe, shuka ta yanƙwane. Shi ya sa manoma kan zuba ƙwayar Trichoderma, wadda ke mamaye saiwa ta hana cuta wurin zama. Mai shuka a ƙasa kuwa, takin da ya nuna sosai kan taimaka masa ta wannan hanya.