Ƙofar da ta zuƙe cajin masarar Amurka a 1970

Idan batirin wayarka ya fara zubar da caji, abin da ya fi ba da haushi shi ne ba ka ganin inda wutar ke bi. Tsirrai ma suna da irin wannan matsala, kuma akwai shekarar da ta cinye wa Amurka kusan kashi 15 cikin 100 na masarar da ta noma.

A cikin ƙwayar halittar tsiro akwai wasu ƙananan ɗakuna da ake kira maitokondiriya. Nan ake ƙona sukarin da ganye ya haɗa, a mayar da shi ATP, makamashin da jikin tsiro ke aiki da shi. Kowane ɗaki tantani biyu ne suka lulluɓe shi. Na waje cike yake da ƙofofin furotin mai suna VDAC, masu barin ƙananan sinadarai su shiga su fita, kamar bakin caji a gindin waya. Na ciki kuwa a tsare yake matuƙa, domin shi ne batirin. Ana tura ƙwayoyin haidirojin masu caji zuwa ɓangare ɗaya, su taru har bambancin wutar ya kai wajen milibolt 180. Kada ka raina shi don batirin wayarka yana ba da bolt 3.8. Kaurin tantanin 'yan nanomita ne, don haka ƙarfin da ke kansa ya kai kimanin bolt miliyan 30 a kowace mita. Idan wani rami ya buɗe a nan ba bisa ƙa'ida ba, cajin ya tafi ke nan.

To, masu samar da irin masara na zamani suna barbara iri biyu ne. Kafin haka ya yiwu, sai an bi gona ana cire furen saman kara daga uwar iri da hannu, kada ta barbari kanta. Aiki ne mai cin kuɗi da gumi. Sai aka samu wata masara a jihar Texas wadda furenta ba ya fitar da garin barbara mai rai. Kamfanoni suka yi mata caa. Abin da ke haddasa hakan yana cikin maitokondiriya, ita kuma daga uwa ake gadonta, saboda haka duk irin da aka sayar ya ɗauko ta. Zuwa 1970, kusan kashi 85 cikin 100 na masarar da aka shuka a ƙasar batiri iri ɗaya ne a jikinta.

Ba a san cewa a tantanin cikin wannan batiri akwai wani baƙon furotin ba, wanda daga baya aka raɗa wa suna URF13. Shi ne ke kashe garin barbara, amma yana da wani hali na biyu. Wani nau'in fangas mai suna Bipolaris maydis yana fitar da dafin da ya dace da shi kamar mabuɗi da kwaɗo. Dafin na taɓa shi, sai ya wangale ya zama rami, caji ya tsiyaye, ATP ya tsaya, ganye ya ƙone. Masarar da ba ta da wannan furotin kuwa, dafin bai cika yi mata komai ba.

Cutar ta taso daga Florida a farkon 1970, iska da damshi suka kai ta arewa cikin 'yan watanni. A wasu gonakin kudu komai ya tafi. An kiyasta asarar a kusan dala biliyan 1. Abin takaicin, tun a 1961 masu bincike a Filifin sun ba da rahoton cewa wannan masarar ba ta jure cutar.

Duk wanda ya taɓa jin labarin kuskuren manhaja guda da ya shafi miliyoyin na'urori a rana ɗaya ya san yadda wannan yake. Har da batun gyaran da bai toshe ɓarakar ba. Masu kiwon irin suna sanya wasu ƙwayoyin gado biyu, Rf1 da Rf2, domin masarar da manomi zai shuka ta iya barbara ta yi ido. Suna dawo da haihuwa, Rf1 ma yana rage yawan URF13 sosai, sai dai ɗan abin da ya rage ya ishi dafin ya buɗe ƙofa.

Sai a 1986 masana a Jami'ar Jihar North Carolina suka gano ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin. Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda ya biyo baya: an dasa ta a jikin bakteriyar E. coli, wadda babu ruwanta da masara, nan take dafin ya fara kama ta. Maganin ƙwari na methomyl ma yana buɗe ƙofar.

Manoman Amurka dai ba su jira bayanin ba. Cikin shekara biyu kamfanonin iri sun watsar da masarar Texas, aka koma ɗaukar matasa a lokacin hutun makaranta suna bin kunya-kunya suna fizge fure da hannu.