Sayen Tocila A Yerwa: A Duba Batir Kafin A Duba Haske

A watan Janairu na 2021 ne 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun babbar wayar lantarki wadda ta taso daga Damaturu zuwa Yerwa, babban birnin Jihar Barno. Ma'aikata suka gyara a watan Maris, amma ba a cika mako guda ba aka sake fasa su, garin kuwa ya ci gaba da kwana cikin duhu har wajen ƙarshen shekarar. Ko da shi ke a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas a kan hanyar Baga, mai ƙarfin megawat 50, har yanzu da wuya a sami magidancin da zai kwanta bai san inda tocilarsa take ba.

Sa'an nan ga abin da ya auku a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle da dare, ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da fadar Shehu da Kasuwar Monday. Hukumar gidan namun daji na Sanda Kyarimi ta yi wa jama'a gargaɗi cewa ruwan ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Wanda ya ratsa wannan ruwa cikin duhu da yaro a kafaɗa ba ya bukatar a gaya masa cewa tocila ba abin wasa ba ce.

Kasuwa kuwa cike take da su. Daga Kasuwar Monday zuwa ta Gamboru zuwa teburan bakin titi na wajen Fos Ofis, ga ta hannu, ga ta goshi, ga mai rediyo, ga mai faifan sola a bayanta. Kusan dukkansu daga ƙasar Sin suke, suna biyowa ta Ikko ko Anacha ko Kano. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya hau, don haka wanda ya yi kuskuren saye ba lallai ne ya iya komawa kasuwa a watan ba.

Yawancin masu saye abu ɗaya suke yi. Mai kaya ya kunna, ya haska tafin hannunsa ko rufin rumfa, mai saye ya ga haske ya kashe masa ido, sai a shiga ciniki. Nan ne ake cin mutane, gama hasken minti ɗaya ba ya nuna abin da tocila za ta yi bayan sa'a uku, balle bayan wata uku.

Ana auna yawan haske da wani ma'auni da ake kira lumen. Tsohuwar tocila mai manyan batura biyu da ƙwai mai zare, wadda iyaye suka yi zamani da ita, ba ta wuce lumen 20. Fitilar gaban mota guda ɗaya tana ba da wajen 1,000 zuwa 1,500. Ƙananan ƙwayayen nan na zamani da ake kira LED, waɗanda suka samu bayan aikin da masanan Japan suka yi a farkon shekarun 1990, har aka ba uku daga cikinsu kyautar Nobel a 2014, suna ba da kimanin lumen 100 a kan kowane wat ɗaya na wuta. To, mai karatu ya yi lissafi da kansa. Tocilar da aka rubuta wa lumen 100,000 a kwali tana bukatar wat 1,000 ke nan, watau wutar da dutsen guga ke ci. Babu batirin da ke shiga aljihu da zai iya wannan. Rubutun kwali ado ne kawai.

Batir iri uku

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: wane irin batir ne a cikinta, a ina kuma za a sami wutar da za a ba shi?

Na farko shi ne busasshen batir da aka saba da shi, irin su Tiger Head, mai kan damisa, wanda dattawa za su tuna Berec ya riga shi cin kasuwa. Amfaninsa ɗaya ne, amma babba: babu ƙauyen da mai tireda ba ya sayar da shi, ba ya kuma jiran lantarki. Aibinsa shi ne kullum hannu na aljihu, haskensa yana raguwa tun daga sa'ar da aka sa shi, in kuwa aka bar shi ya mutu a ciki sai ya zubo da ruwan nan mai cin ƙarfe ya lalata tocilar ɗungum. Wanda zai ajiye tocila ya daɗe bai taɓa ba, ya cire baturan.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawa a gidaje, shi ne kuma ya fi ba mutane haushi. Tocilar roba ce mai ƙafafu biyu da ake turowa a soka a bango. A cikinta akwai ɗan batir na dalma da ruwan asid, ƙanen na babur. Irin wannan batir ba ya son a bar shi babu caji. In ya ƙare aka bar shi makonni, wani farin gishiri yakan daskare a jikin dalmar, daga nan ko an kwana ana caji ba zai riƙe wuta ta rabin sa'a ba. A garin da aka taɓa yin watanni ba a ga lantarki ba, ba sai an faɗi abin da ya sami irin waɗannan ba. Har wa yau masu arha daga cikinsu ba su da abin da ke yanke wuta in batir ya cika, saboda haka in an manta da ita a soket sai zafi ya dafa shi. Kunna ta tana kan caji kuma yakan ƙone ƙwayayen nan take.

Na uku shi ne batirin litiyam, musamman mai lamba 18650. Lambar girmansa take nufi: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ana cajinsa ɗaruruwan lokuta, ba ya lalacewa don an ajiye shi da rabin wuta, ana kuma iya ba shi caji da cajar waya ko ɗan faifan sola. Mai kyau yana riƙe wutar da za ta ba da lumen 100 har wajen sa'a goma, ko lumen 1,000 na kamar sa'a ɗaya. Shi ne ya fi dacewa da Yerwa, amma fa a nan ne jabu ya yi gida. Manyan kamfanonin da ke yin sa, irin su Panasonic da Samsung da LG, ba su wuce kimanin 3,500 mAh a wannan girma. Duk wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Na gaskiya yana da nauyin giram 45 ko sama kaɗan, jabu kuwa sakayau yake a hannu, wani ma in an fasa sai a tarar da ɗan mitsitsin batir a ciki an cike sauran da gari. Tsohon batir na gaske da masu gyara suka ciro daga kwamfutar hannu sau da yawa ya fi sabon jabu aiki.

Litiyam yana da nasa sharaɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yerwa yana wuce digiri 40, zafi kuwa shi ne ke tsufar da wannan batir da wuri. Kada a bar shi gaban gilashin mota, kada kuma a ɗora tocila a kan kwano tare da faifan sola. Faifan ya sha rana, ita ta zauna a inuwa. In rigar robar da ke jikinsa ta yage, ko aka jefa shi aljihu tare da makullai, yana iya kama wuta.

Akwai tocilolin da ke karɓar 18650 guda ɗaya, in ya ƙare kuma a sa ƙananan busassun batura uku a cikin wani ɗan gida da ke zuwa tare da su. Ga mutumin da ke kai da kawowa tsakanin birni da ƙauye, babu kamar wannan. Wadda aka liƙe batirinta ba a iya cirewa kuwa, ranar da ya mutu ita ma ta mutu.

Fitilar maharbi

Farautar da aka sani ta rani, ta taron samari da karnuka da sanduna, da rana ake yin ta, ba ta bukatar fitila. Maharbi mai bin dare da bindigar toka shi ne mai fitila, kuma tun kafin zuwan batir mai caji a goshi yake ɗaura ta. A da ta kabayit ce, watau dutsen nan na masu walda: ruwa na ɗiga a kansa, iska mai kama wuta na fita, a kunna ta a gaban ɗan kwano mai sheƙi.

Ɗaura ta a goshi ba don hannu ya huta ba ne kaɗai. Yawancin dabbobin dare suna da wani abu kamar madubi a can cikin idonsu wanda ke mai da haske ta hanyar da ya zo. In fitila tana kusa da idon maharbi sai ya hangi idon dabba yana ƙyalli daga nesa. In tana hannu wajen ƙugu, ƙyallin yakan wuce shi. Gwanaye suna rarrabe dabba ta launin ƙyallin da tazarar idanun da tsayinsu daga ƙasa. Amma akuya da jaki da ɗan maraƙi su ma idonsu na ƙyalli, shi ya sa fitilar da ke nuna ido ba ta nuna jiki takan jawo wa mai ita biyan diyyar dabbar wani, ko abin da ya fi haka muni. Fitilar maharbi tana bukatar kwano mai zurfi a bayan ƙwan, wanda zai tattara haske ya jefa shi nesa. Yawan lumen ba ya maye gurbin wannan kwano.

Launin haske ma abin dubawa ne. Da hunturu, in hazo ya sauko, farin haske mai shuɗi-shuɗi yakan bugi ƙura ya dawo wa mutum a ido, ya zama kamar ya tsaya gaban farin bango. Mai ɗan rawaya-rawaya ya fi sauƙi ga ido.

Wajibi ne a faɗi cewa hukuma ba ta taɓa son farautar fitila ba. Yarjejeniyar kare namun daji da aka yi a London a 1933 ta nemi a hana farauta da haske mai kashe ido, wadda ƙasashen Afirka suka yi a birnin Aljiyas a 1968 kuma ta sa farautar dare cikin abubuwan da za a hana. Dalili a fili yake: dabbar da haske ya daskarar ba ta gudu, mai ciki da mai shayarwa duk ɗaya ne a wurin harsashi. A Barno ma dai daji ya canza. Sambisa, wanda a da gandun namun daji ne na gwamnati, ya zama sansanin 'yan bindiga, a 2019 kuma gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta ɗauki maharba su taimaka wa sojoji. Maharbi da yawa yau gadin gari da rakiyar manoma ya fi yi da tocilarsa.

A wannan aiki haske mai yawa yana iya zama abokin gaba, gama yana nuna inda mai shi yake tun daga nesa. Idon mutum yana ɗaukar wajen rabin sa'a kafin ya saba da duhu sosai, walƙiya ɗaya ta farin haske kuwa ta isa ta rushe wannan. Ƙaramin jan haske bai cika yin haka ba, shi ya sa fitilar goshi mai ɗan jan ƙwai a gefe ta cancanci ƙarin kuɗinta. A kuma guji irin wadda sai an bi ta kan haske mai ƙyaftawa kafin a kashe ta. Mai ƙyafta fitila kusa da shingen sojoji da dare yana neman wa kansa magana.

Ta cikin gida

Bukatar gida dabam ce. Uwargida mai duba tukunya, da mai kai yaro bayan gida, da mai fita alwalar asuba, haske mai faɗi suke so wanda zai daɗe, ba mai tafiya nesa ba. Lumen 30 zuwa 100 ya wadatar a ga kunama a gindin bango ko kububuwa a bakin rariya, su biyun kuwa da dare suka fi yawo. Tocilar da ke da matakin ƙaramin haske, wadda kuma za ta tsaya da gindinta ta haska rufi, ta fi mai ƙarfin da za ta mutu kafin a gama tuwo. Hasken wayar hannu yana fid da mutum kunya, amma wanda ya ƙarar da cajin wayarsa wajen haske ba shi da abin kiran taimako in dare ya ɓaci.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke son abu ɗaya ya yi masa gida da daji, gara ya sayi ta hannu mai jikin ƙarfe, mai cin 18650 da ake cirewa, ya ƙara batir ɗaya na gaske a ajiye. In maharbi ne, ta goshin da zai ƙara ta zama mai cin irin wannan batir ɗin, don su riƙa aron juna.

Kafin a biya kuɗi, a kwance gindinta a duba ko akwai zoben roba a bakin maruƙin, don shi ke tare ruwa da ƙura. Alamar IPX4 tana nufin ta jure yayyafi, IPX7 kuwa nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har rabin sa'a, ko da shi ke wannan ma ana buga shi a kwalin da bai cancanta ba. Mai kan da ake ja gaba da baya don a tsuke haske tana da ban sha'awa, sai dai duk ja ɗaya tana zuƙar ƙura. A girgiza ta tana kunne, in haske ya yi rawa to makunnin ko mazaunin batir ba shi da kirki. A bar ta kunne minti goma a rumfar mai kaya: ta ƙarfe za ta yi ɗumi a kai, alamar tana fitar da zafi ke nan, wadda kuwa haskenta ya dushe kafin minti goman su cika a mayar masa da abinsa. Tun da shi ke da rana ake ciniki, a yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida cewa za a gwada ta dare ɗaya, in ba ta yi ba a dawo da ita da safe a canza.