Wi-Fi 7 da tsofaffin wayoyi: wa aka rufe wa ƙofa?

Tun watan Janairun 2024 da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara buga hatimin Wi-Fi 7 a kan na'urori, maganganu biyu ke yawo. Wasu na cewa duk wayar da ba sabuwa fil ba ta tashi aiki, don sabuwar rauta ba za ta karɓe ta ba. Wasu kuma na rantsuwa cewa da zarar an girke rautar, har wayar gwanjo za ta koma gudun fanfalaƙi. Dukkansu sun kauce.

Abin da Wi-Fi 7 ya zo da shi shi ne MLO, wato waya ta haɗu da rauta ta hanyoyi biyu ko uku a lokaci guda: zangon gigahaz 2.4, da na 5, da na 6. A da waya kan manne wa zango ɗaya ko da ya cunkushe. Ita kuwa tsohuwar waya, kowace hanya rauta ce mai zaman kanta a wurinta. Bayanin da ke nuna cewa hanyoyin 'yan gida ɗaya ne an cusa shi a wani ƙarin sashe na sanarwar da rauta ke watsawa kusan sau goma a kowace daƙiƙa, kuma ƙa'idar tun asali ita ce na'ura ta tsallake sashen da ba ta gane ba. Sai ta tsallake, ta shiga, ta ci gaba da gudunta na da, babu ƙari babu ragi.

Masu talla ba sa son tarihin wannan haƙuri, alhali a nan zancen yake. Kwamitin 802.11 na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, wanda Vic Hayes ɗan ƙasar Holand ya shugabanta daga 1990 zuwa 2000, ya fitar da tsarin farko a 1997 mai gudun megabit 2 kacal. A 1999 aka sami biyu: 802.11b mai megabit 11 a zangon 2.4, da 802.11a mai megabit 54 a zangon 5. Rikici ya taso a 2003, da 802.11g ya kawo megabit 54 cikin zangon 2.4 da wani salon sigina da na'urorin b ba sa ji. Tunda ba sa ji, sai su ɗauka fili babu kowa su yi ta katsalandan. Maganin da aka samo shi ne sabuwar na'ura ta fara aika ɗan gajeren saƙo da tsohon salo, tana neman a yi shiru na wani ɗan lokaci, sannan ta yi maganarta. Ya yi aiki, amma kwamfutar b guda ɗaya a ofis ta isa ta rage wa kowa gudu.

A shekarar dai masu bincike a birnin Grenoble na Faransa suka nuna wani dalilin: Wi-Fi na raba damar magana ne daidai wa daida, ba ya raba lokaci. Na'ura mai nawa idan ta samu dama takan daɗe tana riƙe da iska, masu sauri na jira.

A 2009 injiniyoyi suka gwada yanke igiya. Tsarin 802.11n ya zo da zaɓin yar da tsohuwar gabatarwar sigina, wadda ake fara kowane saƙo da ita don tsofaffin na'urori su san ana magana, gaba ɗaya. Tsofaffin na'urorin maƙwabta ba su gane ana magana ba, aka yi ta karo, zaɓin bai samu karɓuwa ba, tsare-tsaren da suka biyo baya kuma suka watsar da shi. Shi ya sa har yau kowane ƙunshin bayanai na Wi-Fi 7 ke farawa da gabatarwar nan ta 802.11a ta 1999, mai tsawon kashi 20 cikin miliyan na daƙiƙa. Kamar sallama ce a zaure: komai zamanancin yaro, sai ya yi ta yadda dattawa za su ji kafin ya buɗe bakinsa.

To ina aka rufe ƙofar? Wuri biyu. Zangon gigahaz 6, wanda hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wa Wi-Fi a Afrilun 2020, na'urar da ta girmi Wi-Fi 6E, tsarin da ya fara amfani da wannan zangon, ba ta ma ganinsa. Na biyu shi ne makulli. Zangon 6 da MLO duk suna buƙatar tsaron WPA3 na 2018, yawancin tsofaffin firintoci da kyamarorin tsaro da wayoyi masu araha kuwa WPA2 na 2004 kaɗai suka sani. Akwai saitin da ke karɓar duka biyun, sai dai wasu tsofaffin na'urori kan rikice da shi. Abin da masu aikin ke yi shi ne buɗe suna na biyu a kan rautar domin tsofaffi. Aikin 'yan mintoci ne.

Nan ne ya kamata shugabannin jami'o'i da asibitoci da sakatariyoyi su farka. Ba daidai ba ne a ba da kwangilar miliyoyi, ɗan kwangila ya kulle komai da WPA3 ya kama gabansa, a bar ɗalibin da ya sayi wayarsa hannu na biyu a Farm Centre ta Kano yana danna lambar sirri tana ƙi, sannan a ce masa wayarsa ce ta tsufa. Kafin a sa hannu, a ƙirga irin na'urorin da ke hannun mutanen da za su yi amfani da abin. A kuma duba kwalin da kyau: akwai rautoci masu tambarin Wi-Fi 7 da ba su da zangon 6 sam, musamman waɗanda aka ƙera domin kasuwar Sin inda ba a buɗe shi ga Wi-Fi ba, kuma faffaɗar tashar megahaz 320 da ake tallar gudu da ita a zangon 6 kaɗai take. Idan kuma layin da ke shigo da intanet cikin ginin megabit 20 ne, megabit 20 ɗin nan za a raba, ko rautar ta haɗa hanyoyi uku.