Shin Ko Kun San? Magarya ta taɓa yin aikin kwastan!

Magaryar nan dai da yara ke tsinka a bayan gari. Ita fa! A ƙarni na 19 Turawan Ingila sun shata layin kwastan a Indiya, mai tsawon kilomita 4,000, don kada kowa ya ratsa da gishiri bai biya haraji ba. Da me suka toshe babban ɓangarensa? Da ƙaya! Magarya, bagaruwa da danginsu.

Ku ji girma. A wasu wuraren tsayin shingen ƙafa 12, kaurinsa ƙafa 14. Ƙato ya taka kafaɗar ƙato, da ƙyar ya leƙa! Ma'aikatan layin kuwa sun kai 14,000. A 1879 aka watsar da shi, ya ɓace, aka ma manta an yi. Sai a 1998 wani Bature, Roy Moxham, ya gano ɗan guntunsa bayan ya sha yawon nema.

To, wayar nan mai ƙaya fa? Kwaikwayo ce! Kafin Joseph Glidden ya yi rajistar tasa a 1874, manoman Amurka wata bishiya mai ƙaya suke jerawa a iyakar gona, ana ce mata Osage orange.

Amma ƙaya ba ta san ubangida ba. A Ostareliya an dasa wata shuka mai faffaɗan jiki, duk ƙaya, don shinge. Ta tsallake gona, ta cinye hekta miliyan 24. Kusan faɗin Birtaniya ke nan! Manoma suka kwashe komatsansu suka bar mata gidaje. Kun san wa ya karya ta? Wata 'yar tsutsa da aka ɗauko daga Ajantina, aka sake ta a 1926.

Mu dawo gida. Kun lura da dashi? Ka sare reshe, ka kafa a ƙasa kamar turke, ka tafi harkarka. Damina na sauka sai ga shi ya tofo. Ba ƙusa, ba siminti, ba kafinta! Aguwa kuma ko ƙaya ɗaya ba ta da ita, amma karya reshenta ka ga farin ruwa ya tsattsafo kamar nono. Shi ya sa dabbobi ke ƙyale ta, ta tsaya gefen burtali, shanu na wucewa, gero na bunƙasa a bayanta.