Ko Kun Sani?

A jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, masu maganin gargajiya na Siddha kan gano ciwo da ɗigon man riɗi guda. Da sassafe ake tarar fitsarin majiyyaci a kwano, a ɗiga man a kai, a zuba ido. In ya miƙe kamar maciji, sai su ce iska ta yi yawa a jiki. In ya yi zobe, zafi ne. In ya tsaya cik kamar lu'ulu'u, sanyi da majina ne. Gwaji ɗaya ke nan cikin 8, har da bugun jijiya, harshe da murya. Gwamnatin Indiya ta amince da tsarin, amma a kula: wasu magungunansa na ɗauke da zaiba.