Iya ruwa fid da kai: yadda magidanci zai ƙara sauri a iyon mita 200 da 400

Tabkin Madarunfa, kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi, sananne ne saboda kifinsa da kuma kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. A shekarar 2019 aka shigar da shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Yawancin mazajen da suka tashi a bakinsa sun iya ruwa tun suna yara. Amma akwai tambaya guda: in jirgi ya kife mita 300 daga gaɓa, mutum nawa ne cikinsu za su kai tudu da sauran numfashi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a shekarar 2021.

Mita 200 da mita 400 su ne masana ke kira matsakaicin zango, kuma iyon da ya fi sauri gare su shi ne na rub-da-ciki, wanda Turawa ke kira kurol. A wannan zango, dabara da tattalin ƙarfi sun fi ƙarfin damtse amfani.

Wani labari da ya shafi Nijar ya nuna haka. A wasannin Olimpik na Sidni, shekarar 2000, an haɗa mutum uku a tseren mita 100: Karim Bare na Nijar, da wani ɗan Tajikistan, da Eric Moussambani na Gini Ekwatoriya. Biyun farko suka faɗa ruwa tun ba a ba da izini ba, aka fitar da su. Moussambani, wanda bai daɗe da fara koyo ba, ya shiga shi kaɗai. Ya tashi da gaggawa, ƙarfi ya ƙare masa kafin ƙarshe, da ƙyar ya taɓa bango cikin minti 1 da sakan 52. Bayan shekara huɗu na horo, yana yin mita 100 ɗin nan cikin ƙasa da minti guda. Ashe girma ba ya hana koyo.

Abu na farko shi ne kwanciya bisa ruwa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma in mutum ya ninka saurinsa, turjiyar ruwa takan ninku kusan sau huɗu. Masu iyon tabki sun saba ɗaga kai sama suna duban gaba. Da zarar kai ya tashi, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, jiki ya zama kamar jirgin da aka yi wa lodi a baya. Sai a sa fuska cikin ruwa, ido na duban ƙasa, jiki ya miƙe sambal.

Na biyu, numfashi. Ana fitar da iska ta hanci da baki tun fuska tana cikin ruwa, sa'an nan a juya kai gefe tare da kafaɗa a shaƙa. Wanda ya riƙe numfashi, kafin mita 100 ƙirjinsa zai ɗauki zafi.

Na uku, hannu. A miƙa shi gaba sosai, a kama ruwa da tafi da damtse, a tura shi baya har cinya. A ƙidaya jan hannu nawa ake yi cikin mita 50. In adadin ya ragu alhali lokaci bai ƙaru ba, an ci gaba. Ƙafa kuwa bugu kaɗan ya ishe ta, domin tana cin ƙarfi da yawa.

Na huɗu, awo da agogo. A kafa sanda biyu kusa da gaɓa, mita 50 tsakaninsu, aboki ya riƙe agogo. A yi mita 400 iyakar iyawa, a huta sosai, a yi mita 200. A ɗebe lokaci na biyu daga na farko, a raba saura gida biyu. Misali: minti 8 a mita 400, minti 3 da sakan 40 a mita 200. Saura minti 4 da sakan 20, rabinsa minti 2 da sakan 10. Wannan shi ne saurin da mutum zai iya riƙewa a kowace mita 100. Da shi za a yi horo sau uku a sati: mita 100 sau shida, da hutun sakan 20 tsakani. Bayan sati shida a sake awo. Ranar gwaji, mita 100 na ƙarshe su yi daidai da na farko. Sannu ba ta hana zuwa. Ahmed Hafnaoui na Tunisiya, da ya ci zinariyar mita 400 a Tokiyo a 2021 yana da shekara 18, ya gama cikin minti 3 da sakan 43. Ba a neman magidanci ya kamo shi. Abokin tserensa shi ne lokacinsa na watan jiya.

Sauran gargaɗi. Kada kowa ya shiga shi kaɗai, kuma a nisanci inda masunta suka shimfiɗa taru. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ya fara ganin likita. Ruwan da ke kwance yakan ɗauki tsargiya, wadda dodon koɗi ke yaɗawa. Duk wanda ya ga jini a fitsari ya garzaya asibiti, akwai maganinta, Praziquantel. Ya kamata hukumomin gari da shugabannin masunta su keɓe wuri guda a bakin tabki, da sanduna da jirgin tsaro, inda manya da matasa za su riƙa koyo cikin kwanciyar hankali.