Mota Ta Rasa Ƙarfi? Kada A Yi Gaggawar Sauke Inji

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo. A nan ne ake rarrabe mota mai lafiya da mai ciwo. Direba ya taka totur har ƙasa, amma mota sai gurnani take yi, tana fizga tana shaƙewa, ga tirela a baya. Wannan kuwa ba abin wasa ba ne, gama motar da ta kasa ja a lokacin da mai ita ya fito zai wuce babbar mota, rayukan mutane take sawa cikin hatsari.

Bayan rai sai aljihu. Sau da yawa da an kai mota gareji sai a ji an ce, "Maigida, sai an sauke inji," alhali kuwa abin da ya lalace bai kai kuɗin buhun masara ba. Don haka ya kamata mai mota ya san yadda ake bin sawun ciwon, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da farko a tabbata laifin inji ne. Idan an taka totur inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, to kuloci ne yake sulɓi. Idan ƙafa ɗaya ta yi zafi fiye da sauran bayan 'yar tafiya, birki ne ya riƙe. Haka kuma a tudu irin na Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iska ba ta da kauri, saboda haka ko lafiyayyen inji yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. Wannan ba ciwo ba ne.

In an tabbata inji ne, a tuna abu huɗu yake bukata: iska, mai, wuta, da matsi a cikin silinda.

Iska

Kowane kilo 1 na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai. A lokacin hunturu ƙura kan toshe filtar iska, sai inji ya zama kamar mai mura. A ciro filtar a ɗaga ta wajen rana. In haske bai ratsa ba, a sake ta. A kuma duba robobin da ke kai iska, domin wadda ta tsage takan sa inji rawa in mota tana tsaye.

Iskar da ta shiga dole ta fita. Motocin zamani suna da wata matata a jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. In ta toshe, mota za ta tashi lafiya, amma ba za ta iya hawa tudu ba.

Mai

A tambayi kai: ina na sha mai na ƙarshe? In ciwon ya soma bayan an sayi na bumburutu, a ɗebi kaɗan a kwalba mai haske a ajiye. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. Ba a bakin titi kaɗai ake gamuwa da wannan ba, domin a Fabrairun 2022 an shigo Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci da dama suka sha wahala.

In man yana da kyau, sai filtar mai da famfon mai. Alamarsu ita ce mota ta yi lafiya a cikin gari, amma ta shaƙe in an nemi gudu. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna suna da kafireto, wanda datti kan toshe wa ƙananan kafofi. Na zamani kuwa nozil gare su. Duka biyu wankewa ake fara yi, ba sayen sabo ba.

Wuta

Filogi shi ne madubin inji. A kwance su bayan inji ya huce, a jera su bi da bi. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya lau yake. Baƙi mai busasshen toka yana nuna mai ya yi yawa. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna zoben fistin ko robar bawul sun ci. Fari fat kuwa alamar ƙarancin mai ne ko zafi. Filogi na talaka yakan kai kimanin kilomita 30,000.

In silinda ɗaya ce ba ta aiki, kuma motar mai koyil a kan kowane filogi ce, a musanya koyil ɗin da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi shi, an kama ɓarawo.

Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da kafar da ake jona na'urar bincike, yawancin tokumbo kuwa suna da ita. Lamba P0301 tana nufin silinda ta 1 ce ke tsallake wuta, P0300 kuma ba silinda ɗaya ba ce. Amma lambar hanya kawai take nunawa, ba ta ce a sayi kaya ba. In fitilar inji tana ƙyaftawa, a rage gudu a nemi makaniki, gama ɗanyen mai yana ƙona indomi.

Matsi

Sai an gama waɗannan duka za a zo kan cikin inji. Hayaƙi ma shaida ne: baƙi, mai ya yi yawa, shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, to gaskit ya ƙone. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Kafin a yarda a sauke inji, a ce wa makaniki ya auna matsin kowace silinda da agogon awo, a gaban mai mota. In bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, da wuya ciwon ya zama na fistin ko bawul, sai a duba taimin. Makanikin kirki ba ya fushi da wannan tambaya. A kuma roƙe shi ya riƙa canja abu ɗaya ɗaya yana gwadawa, ya mayar wa mai mota tsohon kayan.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai kai iyali gida a ƙarshen shekara, ya kai motarsa sabis tun da sauran mako biyu, ya gwada ta a tudu kafin ya ɗora mata yara da kaya. Allah ya kiyaye hanya.